Sawun Madugu: Daga Kano Zuwa Gwanja

Duk lokacin da hirar asali ta taso a tsakanin 'yan bokon ƙasar nan, a ɗakin shan shayin jami'a ne ko a rumfar ɗaurin aure, akwai abin da nakan lura da shi: kowa daga nesa kakanninsa suka zo, kuma a kan doki. Wannan ya ce Yaman, wancan ya ce Misira, wani ya ce Futa Toro, wani kuma gidan sarautar Barno. Ban taɓa jin mutum ɗaya da ya ce kakarsa a kasuwa aka sayo ta ba. Alhali kuwa Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mazauna birnin bayi ne, kuma masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta bayin da ke Daular Sakkwato a wajajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. To, ina jikokin waɗannan bayin Allah suka shige?

A gidanmu, a wani gari da ke kudancin Kano, abin da muka tashi muna ji shi ne mu Sharifai ne. Hujjar kuwa wata takarda ce guda ɗaya da ke cikin gafakar kakan kakana, mutumin da har yau ba a kiransa da komai sai Madugu. Matan gidan ba sa faɗin sunansa saboda alkunya, 'ya'yansu suka tashi a kan haka, har laƙabin ya danne sunan yanka. Ni ma a nan da laƙabin zan kira shi. Kimanin shekaru 20 ke nan ina bin sawunsa, kuma abin da na samu nake so in baje wa mai karatu, musamman wanda ke da irin wannan gafaka a rataye a ɗakin wani tsoho, gara na yi mata aiki.

Bahaushen da bai ajiye ranar haihuwa ba, amma ya ajiye abin da ya faru a shekarar. Da wannan na fara. Gwaggon mahaifina, wadda na ɗauki hirarta a kaset a 2004, ta ce an haife ta shekarar Marisuwa, wato annobar murar 1918, yayanta kuwa, kakana, shekarar yunwar Kakalaba, 1914. Game da Madugu ta ce an yi masa kaciya shekarar da Sarkin Kano Dabo ya rasu. Ibrahim Dabo ya rasu a 1846, kuma a al'ada yaro kan shiga kaciya yana da kamar shekara 7, saboda haka haihuwarsa ta faɗa wajajen 1839. Ta kuma ce ya bar gida tafiyarsa ta ƙarshe damina biyu kafin Basasa. An fara Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa a 1893, bayan rasuwar Sarki Bello, ke nan ya fita a 1891 yana ɗan shekara 50 da 'yan kai. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta ba ni farko da ƙarshe a zama guda, kuma duk abin da na tarar daga baya a rubuce bai rushe lissafinta ba.

Sai takardar. Falle ɗaya ce, tawadar ta koma ruwan ƙasa, an naɗe ta gida huɗu an cusa cikin wani tsohon Dala'ilu. Idan aka ɗaga ta aka haska da rana, ana ganin jinjirin wata guda uku a jere a jikinta. Wannan tambari ne na takardar da ake yi a arewacin Italiya, wadda fatauci ke kawowa ƙasar Hausa ta Tarabulus da Misira a ƙarni na 19, kuma da yawa daga cikin littattafan malaman wancan zamani a kanta aka rubuta su. Tambarin ya nuna takardar ba ta jiya ba ce, amma bai yanke shekara ba. Rubutun Larabci ne, sunayen mutane da garuruwa da kaya kuma da ajami. Layi 12 ne, kuma babu salsala ko ɗaya a ciki. Lissafin bashi ne: wane yana bin kaza, ana bin wane kaza.

A can ƙasa, gefen hagu, akwai haruffa uku a haɗe: shinun, ra'un, fa'un. Waɗannan haruffa uku su ne duk sharifantakar gidanmu. Dattawa sukan nuna su da yatsa su ce ga shi nan ya sa hannu, Sharifi. Amma mai karatun da ya yi allo ya san cewa kalmar sharifi tana da ya'un bayan ra'un, a nan kuwa babu shi, babu ma gurbinsa. Sannan daidai inda naɗin takardar ya ci, gab da haruffan, akwai ragowar wutsiyar mimun, ƙarshen kalmar Larabci mai nufin shekara. Malamanmu na da ba su cika rubuta shekara da lambobi ba, ramzi suke yi, wato su harhaɗa haruffan da ƙimarsu ta ba da adadin. A lissafin abajada na Magariba, wanda shi ake bi a ƙasar nan, shinun 1000 ne, ra'un 200, fa'un 80. Jimla 1280. Shekarar Hijira ta 1280 ta kama daga tsakiyar 1863 zuwa tsakiyar 1864, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Da za a bi lissafin gabas, inda shinun yake 300, da an sami 580, wanda ba shi da wata ma'ana a nan. Abin da aka ɗauka nasaba ce, kwanan wata ne.

Wannan ya rage wa gidanmu wani abu, amma ya ba ni mutum. A 1280 Madugu yana da kamar shekara 24, kuma takardar ba ta babban attajiri ba ce. Bashi mafi girma a ciki keso 2 ne da zambar 5. Keso wuri 20,000 ne, zambar kuwa 1,000, ke nan wuri 45,000. Lokacin da Barth, wanda Kanawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin riyalin azurfa ɗaya. Da wannan farashi bashin riyal 18 ne, kuma da yake darajar wuri ta yi ta faɗuwa bayan nan, bai ma kai haka ba. Saurayi ne mai jakai 'yan kaɗan, ya karɓi turkuɗi da kanwa bashi a hannun manya, ya bi ayarin wani. Sarautar madugu daga baya ta zo.

Layi na bakwai ya ba ni hanyar da ya bi, kuma a nan ne ilimin harshe ya yi rana. Ajamin wancan lokaci bai bambanta wasalin u da o ba, bai raba b da ɓ ba, kuma bai nuna karin sauti ba, saboda haka kalma ɗaya kan karantu ta fuska biyu ko uku. A layin akwai kalmar zugu. Duk wanda ya karanta takardar a gidanmu ya ɗauka zugun saƙi ake nufi, farin ƙyallen nan da ake yin likkafani da shi, tun da lissafin kaya ake yi. Sai dai harafin da ya gabace ta shi ne na Larabci mai nufin "a cikin", kuma babu adadi a bayanta kamar yadda sauran kayayyakin suke da shi. Gari ne. Zugu shi ne sunan da fatake ke kiran Jugu da ke arewacin Jamhuriyar Benin a yau. Da wannan kalma ɗaya hanyar ta fito fili: daga Kano a yi yamma, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a sauka Zugu, a wuce Sansanin Mango da ke Togo yanzu, a shiga Yandi ta Dagwamba, sannan Salaga, kasuwar Gwanja, inda goron dazukan Asante ke haɗuwa da jakan Hausawa.

Wanda yake son ya san irin wannan tafiya, ya nemi littafin Paul Lovejoy, Caravans of Kola, wanda aka buga a Zariya a 1980, da na marigayi Mahdi Adamu, The Hausa Factor in West African History, na 1978. Lovejoy ya zauna da tsofaffin fatake a Kano a 1969 da 1970, lokacin akwai sauran waɗanda suka taka hanyar da ƙafarsu. Ayari kan kai mutum 1,000 zuwa 2,000. Jagaba na gaba, madugu na riƙe da ragamar komai, shi ke cinikin fito da kuɗin hanya da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, ga malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta lissafi. Ina kyautata zaton irin wannan malami ne ya rubuta takardarmu, domin hannun na gwani ne. Zuwa da dawowa kan ci wata 6 har shekara. A dawowa kuma aikin ya fi yawa, domin goro ɗan lallashi ne: sai an yi ta kwance huhu ana tsince wanda ya ɓaci, ana yayyafa ruwa, ana sake ganyen fita, in ba haka ba a isa Kurmi da asara.

Gwaggo ta ce akwai lokacin da Madugu ya yi shekara 3 bai je Gwanja ba "saboda hanya ta mutu". Wannan ma yana da gurbi a tarihi. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta, Gwanja da Dagwamba suka yi amfani da damar suka fice daga ƙarƙashin Asante, Asante kuma ta hana goronta zuwa Salaga, ciniki ya karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. Tsohuwar ba ta taɓa jin sunan Wolseley ba, amma ta san shekarun da aka ci tuwo babu nama a gidan.

To, in ba Sharifai ba ne, su wane ne? Amsar tana bakin mata tun tuni, maza ne ba su tambaye su ba. Da na yi wa Gwaggo tambayar kai tsaye, dariya ta yi ta ce: "Ɗan nan, mu Agalawa ne. Wancan zance bayan yaya ya dawo Makka aka fara shi." Rahoton jami'in mulkin mallaka da ya zagaya gundumarmu don ƙiyasin haraji, wanda na karanta a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya lissafa unguwarmu a matsayin ta Agalawa, bai ambaci Sharifi ko ɗaya a garin ba. Kuma Sharifai ba ɓoyayyu ba ne a ƙasar Kano. Suna da unguwarsu a birni, suna da Sarkin Sharifai mai danganta kansa da Shehu Magili. Agalawa da Tokarawa, kamar yadda binciken Lovejoy ya nuna, zuriyar Bugaje ne, wato bayi da barorin Azbinawa da suka gangaro kudu suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka kama fatauci har suka mamaye cinikin goro tare da Kambarin Barebari. Daga cikin Agalawan nan ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Ni dai ban ga abin sunkuyar da kai ba a ce mutanen da suka zo ba su da ko gona sun wayi gari su ke ba sarakuna bashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba Madugu ba ne. Muna yara, idan muka shiga gaida tsofaffin matan gidan da safe, sukan tare mu da wata kalma, "dasiba", mu kuma mu amsa da "naa". Mun ɗauka wasan kaka da jika ne, kuma babu wani gida a garin da ake yin sa. Sai da na yi nisa a karatun harsuna na gane cewa wannan ita ce gaisuwar safe ta Dagbani, harshen Dagwamba, har da amsarta. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne, asiba a Dagbani aro ce daga asuba ta Hausa, kamar yadda suka ari dalili suka mayar daliri. Wato kalmar ta bi fatake ta tafi, ta sauya kama, sannan ta dawo Kano a bakin wata mace.

Macen ita ce ta haifi uban kakana. Madugu ne ya zo da ita daga Salaga wajajen 1880 da 'yan kai, ya sa ta a ɗaka. Shekarun nan su ne lokacin da mayaƙan Zabarmawa, waɗanda Babatu ya jagoranta daga baya, ke kai hare-hare ƙasar Gurunshi suna cika kasuwar Salaga da kamammu, da yawansu kuma ta ƙasar Dagwamba ake ratsowa da su. Saboda haka gaisuwar ta nuna inda ta zauna har harshen ya kama bakinta, ko da ba can aka haife ta ba. Gwaggo ta tashi ta same ta da rai. Ta ce doguwa ce, da zane a fuska irin wanda babu mai shi a garin, Hausarta har ta mutu ba ta miƙe ba. Sunan da ake kiranta da shi a gidan aka raɗa mata. "Ba ta da dangin uwa, ba ta da na uba," in ji Gwaggo. "Ranar Salla kowa na da gidan zuwa, ita sai ta shiga ɗaki ta saki asabari." A shari'a, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne mai cin gado, ita kuma tana samun 'yanci da mutuwarsa, kuma sarakuna da dama na ƙasar nan ta wannan hanya aka haife su. Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Ta rasu kafin wannan shekara. Duk wanda ke amsa sunan gidanmu a Kano a yau daga cikinta ya fito, likitoci da alƙalai da mai wannan rubutu, amma da ana jero kakanni ba a taɓa sa ta ba.

Da na kai wa Baffana, babban gidan a yanzu, abin da na tattara, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce: "Dakta, karatu na gode, amma yawan tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Kana da ƙanne mata da ba su yi aure ba." Na ce: "Baffa, Allah ya ƙara girma, ai ba mu muka yi ba, tarar da shi muka yi." Ya ce: "Su masu binciken asali ba su san wannan ba." Ba zan ce tsoronsa na banza ba ne. Dukkanmu mun san auren da aka fasa bayan an kai kuɗin gaisuwa, don wata tsohuwa ta raɗa cewa kakar yarinyar baiwa ce, kuma sau da yawa masu fasawar su ne masu digiri, masu jan ayar da ta ce mafificinku a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Saboda ƙannen nan ne ban ambaci gari ko suna ba a nan. Amma ban yarda a ci gaba da gaya wa yara cewa jininsu na gidan Annabi ne ba, domin jingina kai ga nasabar da ba taka ba abu ne da addinin kansa ya yi kashedi mai tsanani a kai. Ni da Baffa mun tsaya a nan: shi bai sake nuna wa baƙo haruffan ba, ni kuma ban karanta takardar a taron dangi ba.

Wani abokin aikina ya ce me ya sa ban tura yawu Amurka an auna jini an huta ba. Awon zai iya cewa kaso kaza na jikina daga yankin kaza yake, amma ba zai ba ni Zugu ba, ba zai ba ni keso 2 da zambar 5 ba, balle asabarin da ake saki ranar Salla. Wanda ke da niyyar irin wannan aiki ya fara da tsofaffin mata, yau ba gobe ba, ya ɗauki muryarsu, ya bar su su yi ta zagaye-zagayensu. Gwaggo ta rasu a 2009. Da na jinkirta shekara 5, da rabin wannan labari ya bi ta. Sannan ya ɗauki hoton duk wata takarda gaba da baya kafin ya bari a taɓa ta, ya kai wa malamin zaure da ya san ramzi da tsohon hannu. Bayan nan ne ake zuwa Kaduna, ko Gidan Arewa, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano. Wanda kakanninsa suka yi shari'ar gado ko ta gona a farkon zamanin Turawa ya duba littafin Allan Christelow, Thus Ruled Emir Abbas, na 1994, ya ga irin abin da kundin majalisar Sarki ke ɗauke da shi.

Ƙarshen Madugu daga Ghana na samo shi. A Kano abin da aka sani shi ne ya tafi bai dawo ba. Amma a 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardun zama, wani dattijo ya iso garinmu da iyalinsa daga zangon Kumasi yana tambayar gidan Madugu. Jikansa ne ta wajen wata matar da ya aura a can. 'Ya'yan wannan dattijo ne suka cike mini gurbin. Madugu yana Salaga yaƙin sarautar 1892 ya ɓarke, garin ya watse, fatake suka bazu zuwa Yeji da Kintampo da Kete Karachi. Shi ya bi masu zuwa Karachi, a bakin kogin Volta. Yana shirin komawa gida labarin Basasa ya iso, ya dakata. Kafin hanya ta lafa ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Sun ce ya rasu bayan Jamusawa sun kafa barikinsu a garin, abin da ya faru a 1894. Sun kuma ce Alhaji Umaru, babban malamin nan Bakano da ya zauna Salaga sannan Karachi har rasuwarsa a 1934, shi ya yi masa salla. Wannan ban sa shi a lissafi ba, domin da wuya ka sami gidan Hausawa a zangunan Ghana da ba ya faɗin haka game da kakansa.

Na je Kete Karachi da niyyar in tsaya a kan kabarinsa in yi masa addu'a. Garin da ke wurin yanzu sabo ne. Da aka gina madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, tafkin Volta ya tashi mutane kimanin 80,000 daga matsugunansu, tsohon garin da zangonsa suna ciki. Wani dattijo Bahaushe, wanda aka haifa a tsohon zangon, ya sa jikansa ya tuƙa mu a kwalekwale. Muka yi tafiyar kamar rabin sa'a, muna ratsa kawunan matattun itatuwa da suka leƙo saman ruwa. Da muka kai wani wuri ya ce wa yaron ya tsaya, ya dubi gaɓa ta dama, ya dubi ta hagu, ya nuna ƙasa da sandarsa ya ce maƙabartar fatake a nan take. A nan muka ɗaga hannu muka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa 11, yaron yana riƙe da filafili kada iska ta ja mu.